Kwamfutoci Sun Iso Makaranta: Windows, Chromebook ko Kolibri, Wanne Ya Dace da Makarantar Karkara?

Wannan rubutu na shugaban makaranta ne da malamin kwamfuta da ƴan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, waɗanda laftof ashirin ko talatin suka shigo hannunsu, ko kuɗin sayensu ya samu, ga ɗalibai sun haura ɗari uku, ga makarantar tana can karkarar Gaya ko Sumaila ko Gumel ko Birnin Kudu inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Mai gyaran kwamfuta ya ce a zuba Windows a wuce wurin. Wani ɗan gari da ke aiki a Abuja ya ce Chromebook, wato laftof mai aiki da tsarin Google, ake yayi, kowane yaro a buɗe masa asusun Google. Wani kuma ya ce ku manta da intanet, ku kafa manhajar karatu ta Kolibri a cikin makaranta. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai ba kowace gaskiya ce za ta rayu a makarantarku ba.

Abin ya wuce ado. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada hakan a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, rabin lokacinsa zai tafi wajen neman inda zai danna, alhali ya san amsar. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin sau da yawa kwamfutocin suna nan a makarantar, a kulle a sito, an rasa wanda ya san kalmar sirrinsu.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko kuɗi, kuma kuɗi kashi biyu ne: na ranar saye da na kowane wata. Na biyun ne ke kashe ɗakin kwamfuta. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, don haka duk tsarin da ya dogara da data dole a san aljihun da zai riƙa biya kafin a fara.

Na biyu juriya. Wutar KEDCO ba ta kai wasu garuruwan ba, inda ta kai ma ba a gina jadawalin darasi a kanta. Cajar laftof tana jan watt 45 zuwa 65, wato idan guda ashirin suka hau caji lokaci ɗaya ana maganar watt 900 zuwa 1300. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana kumbura batir.

Na uku sauƙi, kuma a nan ba sauƙin ɗalibi kawai nake nufi ba. Wa zai riƙe tsarin? Idan ɗan bautar ƙasa ne, shekara ɗaya zai yi ya tafi. Idan malami ne, ana iya yi masa canjin wurin aiki a tsakiyar zango. Tsarin da mutum ɗaya kaɗai ya gane, ranar da ya tafi ya mutu.

Na huɗu haɗari: ƙwayar cuta daga fulash, ɓacewar kalmar sirri, yara su faɗa shafukan banza, bayanan yara su fita waje, da sata.

Rauta tukuna

Kowanne kuka zaɓa cikin ukun, sai kun bi ta kan rauta, wato na'urar da ke raba wayifai, don haka bari in gama da ita. Ƙaramar MiFi ta aljihu galibi na'ura goma take ɗauka, ba ta aji ba ce. Rautar 4G mai shan layin waya ta fi ta, da yawansu suna ɗaukar na'ura 32 a rubuce, amma a aikace idan aka cika ta sai ta fara nishi. Abin da ya fi shi ne a raba aiki: rauta mai layi ta jawo sabis daga inda ya fi ƙarfi, ko bakin taga ne ko saman sanda, a jawo waya daga gare ta zuwa wata na'urar wayifai da za a maƙala a sama a tsakiyar ɗakin kwamfuta. Kafin a sayi komai, a ɗauki waya a gwada MTN da Airtel da Glo a cikin ɗakin, da safe da kuma bayan azahar. Layin da ya yi ƙarfi a ofishin shugaban makaranta ba lallai ya yi a ɗakin da ke bayan masallaci ba. Wayifai na da zango biyu da ake zaɓa a saitin rauta: zangon 2.4 ya fi ratsa bango da nisa, zangon 5 ya fi gudu idan ana ɗaki ɗaya da na'urar.

Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ta shigo Najeriya a Janairun 2023, kuma tana aiki inda babu ƙarfen sabis ko ɗaya. Amma kuɗin na'urarta da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin makarantun gwamnati, tana kuma jan wuta kamar watt 50 zuwa 100 muddin tana kunne, alhali rauta ba ta wuce kamar watt 10. Sai makarantar da ke da sola mai ƙarfi da wanda ya ɗauki nauyin biya a rubuce.

Abu uku a yi wa rauta ranar da aka kafa ta. A canza kalmar sirrin shiga saitinta, domin wadda ta zo da ita tana manne a bayanta kowa na iya karantawa. A buɗe hanyar wayifai biyu, ɗaya ta kwamfutocin makaranta, wadda malami zai shigar da kalmar sirrinta da hannunsa ba tare da ya faɗa wa kowa ba, ɗaya ta malamai da baƙi mai iyakar gudu. In ba haka ba, kafin sati ya zagayo kalmar ta kai teburin mai shayi, samari sun jeru a jikin katangar makaranta bayan isha suna kallon TikTok da datar yara. Na uku, a sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 a gurbin da aka rubuta DNS a saitin rauta, sabis ne na Cloudflare kyauta da ke tare shafukan batsa da masu ɗauke da cuta. Ba ya tare komai da komai, amma yana rage aiki sosai.

Zaɓi na farko: Windows da asusu biyu a kowace kwamfuta

Wannan shi ne abin da kowa ya sani. Kowace laftof a buɗe mata asusun mai kula, wanda ke da ikon zuba manhaja da canza saiti, sai asusun ɗalibi guda ɗaya marar wannan iko, wanda duk yaran za su riƙa shiga. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar yara a kan asusun mai kula saboda gaggawa. Cikin zango ɗaya za a tarar an zuba wasanni, an canza hoton fuska, wani ma ya sa kalmar sirrinsa ya kulle kowa a waje.

Wajen kuɗi, laftof na hannu irin na ofisoshin Turai, su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, suna nan birjik a Beirut Road da Farm Centre a Kano, farashinsu na bin dala. Amma akwai tarko. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel zubi na 8 zuwa sama. Saboda haka kasuwa ta cika da tsofaffin zubi na 6 da na 7 a farashi mai daɗi. Ku duba lambar injin: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-6300U na 6 ne. Masu gyara suna iya cusa Windows 11 a kan tsohon ta bayan gida, zai kuma yi aiki, amma babu tabbacin zai ci gaba da samun sabuntawa. Idan tsofaffin ne aka riga aka ba ku, Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, da LibreOffice na buga takardu, za su raya su kyauta, kuma tsarin asusu biyun nan haka yake a can. Yawancin laftof na ofis lasisin Windows ɗinsu yana ɗinke a cikin allon injin, don haka kada ku yarda a zuba muku na sata da sunan taimako, ta nan cuta ke fara shiga.

Wajen juriya, waɗannan laftof an ƙera su ne don wahala, kuma babban abin shi ne ana samun kayan gyaransu. Batir, allon madannai, fanka, caja, duk akwai a Kano, kuma a Dutse ko Hadeja ko Kazaure ba za a rasa wanda zai buɗe ta ba. Ku nemi mai rumbun SSD da ma'adanar aiki, wato RAM, gigabait 8. Batirin ta hannu kuwa a gwada shi a shago, a cire caja a zauna a gani.

Matsalar wannan zaɓi biyu ce. Ta farko, babu sunan kowa. Hauwa ta buga aikinta ranar Litinin, ranar Talata wani ɗan aji uku ya goge, babu yadda za a san wanda ya yi, malami kuma ba shi da hanyar sanin wa ya ci gaba wa aka bari a baya. Ta biyu, fulash. Duk wanda ya yi aiki a shagon buga takardu ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Fulash ɗaya na malami da ya je buga takardar jarrabawa a gari ya isa ya zagaye ɗakin. Sai kuma sabuntawar Windows, wadda kan sha gigabait da yawa a kowace kwamfuta. A saita wayifai ɗin a matsayin layi mai awo, wato a sanar da Windows data a ƙayyade take, a kuma kunna damar da kwamfutoci ke raba sabuntawa a tsakaninsu, don kada abu ɗaya a sauke shi sau ashirin.

Zaɓi na biyu: Chromebook da asusun Google ga kowane ɗalibi

A takarda wannan ya fi kowanne kyau, kuma ba ƙarya ba ne. Kowane yaro da sunansa da kalmar sirrinsa, kowace kwamfuta ya ɗauka aikinsa na biye da shi. Chromebook na tashi cikin daƙiƙu, batirinta na daɗewa, da yawansu ba su da fanka balle ƙura ta toshe, cutar fulash ta Windows kuma ba ta kama ta. Google Workspace for Education, tsarin asusun Google na makarantu, yana da matakin kyauta ga makarantun da aka tantance, kuma Microsoft ma tana da makamancinsa. Malami daga shafi guda zai iya hana shiga wasu shafuka, ya sake wa yaro kalmar sirri, ya kulle na'urar da aka sace.

To amma a duba abin da ke ƙarƙashi. Makaranta sai ta mallaki adireshin intanet nata, misali mai ƙarewa da sch.ng, ana kuma sabunta shi duk shekara da kuɗi. Sarrafa na'urorin daga shafi guda yana buƙatar lasisi na daban da ake saye wa kowace Chromebook. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne, duk lokacin da yaro zai shiga wata Chromebook karo na farko, sai da intanet. A makarantar da kowane yaro ke da tasa, sau ɗaya ne a wuce wurin. A inda yara ɗari uku ke karɓa-karɓa da na'ura ashirin masu ƙaramin rumbu, kusan kowane darasi shiga ce ta farko ga wasu. Ku ƙaddara darasin minti 40 ne, hadari ya haɗo, sabis ya koma layi ɗaya, yara arba'in sun zauna biyu-biyu suna kallon da'ira tana juyawa, uku sun manta kalmar sirri, biyu sun rubuta sunansu da babban baƙi inda ba a so. Kafin a gama da su an kaɗa ƙararrawa.

Chromebook na hannu suna da araha a kasuwa, kuma araharsu na da dalili. Kowace tana da ranar da Google ke daina sabunta ta. Waɗanda aka fitar daga 2021 zuwa sama shekara 10 ake ba su, tsofaffin kuwa wasu wa'adinsu ya riga ya wuce. Wasu kuma daga makarantun Amurka aka kwaso su ba a cire su daga rajistar makarantar ba, kana goge ta ka kunna sai ta nemi asusun waccan makarantar. Kada a biya kuɗi sai an goge ta a gaban mai shago, an haɗa ta da intanet, an ga ta karɓi sabon asusu. Kayan gyaranta ma ba su kai na HP da Dell yawa ba, kuma manhajojin gwajin JAMB da ke yawo galibi na Windows ne da Android.

Akwai kuma batun amana. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce galibi sai da yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Buɗe wa ƴan mata ɗari biyu asusu a intanet ba abu ne da malami zai yanke shi kaɗai ba, a kai shi taron iyaye da malamai a yi bayani da Hausa, a ji ta bakinsu. Sannan babban asusun da ke riƙe da sauran kada a ɗaure shi da lambar wayar malami ɗaya ko Gmail ɗinsa. A sayi layi na makaranta, ya zauna a ofis.

Zaɓi na uku: Kolibri a kan uwar garke cikin makaranta

Wannan shi ne wanda aka fi jahilta, kuma shi na fi so ku tsaya a kansa. Kolibri manhaja ce ta kyauta daga wata ƙungiya mai suna Learning Equality, an yi ta ne musamman don wuraren da babu intanet. Ana zuba ta a kwamfuta ɗaya, wadda ita ce uwar garke, a haɗa kwamfutar da rauta, sauran laftof su buɗe birauza su rubuta adireshinta, shi ke nan sun shiga. Rautar ba ta buƙatar layi ko data ko kobo ɗaya, aikinta kawai ta haɗa kwamfutocin da juna.

Asusun kowane ɗalibi yana zaune a cikin Kolibri ne, ba a jikin laftof ba. Malami zai jera sunaye aji-aji, yana ma iya shigar da su gaba ɗaya daga jadawali, ya tsara darasi, ya ba da gwaji, ya ga wanda ya kalli bidiyo ya gama da wanda tambaya ta huɗu ta kayar. Ana iya saita shi yara su shiga da suna kawai babu kalmar sirri, abin da ke ceton lokaci sosai a ƙananan azuzuwa. Fuskar manhajar tana da Hausa. Darussan kuwa ana sauke su sau ɗaya a gari inda intanet ke da ƙarfi, irin su Khan Academy da gwaje-gwajen kimiyya na PhET da labaran African Storybook, a kawo su a rumbu. Idan aka ƙara Kiwix a kan wannan kwamfutar, ga Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ba tare da data ba.

Da yawa suna ɗora Kolibri a kan ƴar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi saboda cajarta watt 15 ce kacal. Ni dai na fi son a ware laftof ɗaya mafi ƙarfi a cikin waɗanda ake da su, domin tana da batirinta, idan wuta ta ɗauke ba za ta mutu a tsakiyar gwaji ba, kuma idan ta lalace akwai mai gyara. A jona ta da rauta ta waya, a kuma sa rauta ta riƙe mata adireshi ɗaya dindindin, a rubuta adireshin da alli a saman allo.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Yawancin darussan da Turanci suke, kuma ba a jera su bisa manhajar karatun Najeriya ba, sai malamin lissafi da na kimiyya sun zauna sun tsamo abin da ya dace da kowane aji. Duk bayanan yara suna kwamfuta ɗaya, idan aka sace ta ko rumbunta ya mutu an yi asarar zango, don haka dole a riƙa kwafe su zuwa wani rumbu a ajiye a wani ɗaki. Ba ya koya wa yaro imel ko bincike a intanet na gaske. Kafa shi karo na farko kuma yana son wanda ya ɗan san rauta, aikin yini ɗaya ne ko biyu.

| Ma'auni | Windows, asusu biyu | Chromebook da Google | Kolibri a cikin makaranta |
|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Matsakaici | Na'ura, lasisi, adireshin intanet | Laftof ɗaya da rauta a kan abin da ake da shi |
| Kuɗin wata | Kaɗan, na sabuntawa | Mai yawa, data kullum | Kusan babu |
| Idan sabis ya ɗauke | Aiki na tafiya | Sabon shiga ya tsaya | Aiki na tafiya |
| Gyara a Kano ko Jigawa | Mai sauƙi | Kayan gyara sun yi ƙaranci | Daidai da na laftof ɗin |
| Sunan kowane ɗalibi | Babu | Akwai | Akwai |
| Babban haɗari | Cutar fulash, goge aikin juna | Na'ura a kulle, ƙarewar data | Mutuwa ko satar uwar garke |

Wa ya dace da wanne

Makarantar da ke da laftof goma ko ƙasa da haka, babu malamin kwamfuta na dindindin, burinta yara su iya buga rubutu su saba da linzami kafin JAMB, ta tsaya a zaɓi na farko. Asusu biyu, manhajar koyon bugu, manhajar gwajin jarrabawa, a hana fulash na waje. Ya wadatar.

Makarantar kwana ko ta kuɗi da ke bakin babban titi, sabis na 4G tsayayye ko Starlink, sola mai ɗaukar yini, da kasafin data da aka rubuta a takarda, kuma yara ba su fi biyu ko uku a kan na'ura ɗaya ba, ita ce za ta ci moriyar Chromebook, musamman idan sababbi za a saya masu dogon wa'adi. Wanda ke son ya ɗanɗana kafin ya zuba kuɗi, ya sa ChromeOS Flex, tsarin da ke mayar da laftof kamar Chromebook, a tsohuwar laftof guda biyu, kyauta ne, ya gwada zango ɗaya da aji ɗaya.

Sauran makarantun, waɗanda su ne mafi yawa a karkarar Kano da Jigawa, masu ɗalibai da yawa da sabis mai zuwa da dawowa, shawarata su haɗa na farko da na uku. Laftof ɗin su zauna da asusu biyu, asusun ɗalibi ya buɗe kai tsaye zuwa Kolibri, sunan kowane yaro da makinsa su zauna a uwar garke. Data kaɗan a saya a farkon zango don sabuntawa da darasin intanet na manyan azuzuwa, a cire layin daga rauta sauran kwanaki. Kalmomin sirri na rauta da na asusun mai kula da na Kolibri a rubuta su a takarda kwafi biyu, ɗaya a ambulan a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a hannun shugaban SBMC, kuma duk malamin da zai bar makarantar sai ya zauna da magajinsa sun shiga kowane asusu tare kafin a sa masa hannu a takardar sallama.